Tambaya: in dai ceto kyauta ne, don me zan sa aikina cikin haɗari saboda faktir?

Ɗan_Talaje

Salama gare ku 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Akwai abin da ya hana ni barci kwanakin nan, don Allah wanda ya san Maganar Allah ya taimaka mini, kuma kar a ce mini "je ka yi addu'a" kawai, don addu'ar ina yi.

Ni ina aiki a wani shagon kayan gini nan Yamai, siminti, ƙarfe, fenti, tiyo da sauransu, ni ke riƙe da kaye da faktir, wato takardar shaidar sayayya. To patron ya fara ce mini in masu yi wa wani buro ko wani proje sayayya sun zo, in rubuta musu faktir sama da abin da suka biya, misali kaya na jaka ɗari uku a rubuta jaka ɗari huɗu, su je su karɓi cikon a wurin aikinsu, shi kuma ribarsa ita ce ba za su bar shagonsa su koma wani ba. Har yanzu dai ban rubuta ba, in na hango su tafe sai in shige magaza wajen lodi, amma na san wannan zillewar ba za ta ɗore ba don ya fara kallona wani iri. Ga mata, ga yara, ga haya, ga kuɗin kuran da na lakwal, kuma kowa ya san yadda samun aiki yake a garin nan yanzu.

Da na gaya wa wani abokina na ƙungiyar matasa sai ya buɗe mini Afisawa 2:8-9, ya ce ai ta wurin alheri aka cece mu ba ta ayyuka ba, Allah ya san halin da ake ciki, in rubuta kawai in ya so da dare in nemi gafara. Amma kuma a wani taron farkawa da na je, mai wa'azin ya ce duk wanda ya yi zunubi yana sane to a take an share sunansa daga littafin rai. Sannan akwai abokin aikina musulmi, mutumin kirki ne ƙwarai, ya tambaye ni ba da tsokana ba, ya ce "ku da kuke cewa an riga an biya muku, to me kake tsoro?" Na buɗe baki in ba shi amsa, abin da ya fito ko ni bai gamsar da ni ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne da na duba zuciyata sai na ga kamar tsoron wuta ne kawai ya hana ni, in kuwa haka ne ashe ina ƙoƙarin sayen ceto ke nan da biyayyata? In kuma ceto kyauta ne da gaske, mene ne matsayin biyayya? Ta zama dole ko kuwa ado ce kawai?

Ɗan_Alheri

Yaya salama. Ni ɗalibi ne a jami'a a Harobanda, ba pasto ba ne, amma kar ka bari kowa ya mayar da kai cikin bauta. Wannan wa'azin na a share suna yau a sake rubutawa gobe, shi ne ya sa Kiristoci da yawa ba su da salama, kullum cikin fargaba. Yesu da bakinsa ya faɗa a Yahaya 10:28-29 cewa tumakinsa ba mai iya ƙwace su daga hannunsa ko daga hannun Ubansa. Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da shi fa, Luka 23:43, wane aiki ya yi? Ba baftisma, ba zakka, bai taɓa zuwa sujada ba, hannunsa ma a kafe yake bare ya mayar da abin da ya sata, amma aka ce masa yau yau ɗin nan zai kasance a Firdausi. Bon, ni ban ce ka rubuta faktir ɗin ba fa, wannan tsakaninka da lamirinka ne, amma ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba cetonka yana nan daram, don ba kai ka samo shi ba bare ka ɓatar.

Maman_Yara_Bukoki

Haba ɗana Ɗan_Alheri, wannan magana taka ta ƙarshe ta tayar mini da hankali. Wai tsakaninsa da lamirinsa? Kuɗin nan jaka ɗari da za a ƙara, daga sama suke faɗowa? Kuɗin wani aji ne da za a gina wa yara a ƙauye, ko na rijiya, ko na ɗakin haihuwa, in aka ci su sai a rage siminti a ginin, shekara biyu bango ya tsage. Akwai mutane a bayan takardar nan, ba su da bakin magana ne kawai.

Ɗan_Talaje ɗana, ka buɗe 1 Korintiyawa 6:9-10 ka karanta da idonka, Bulus ɗin nan dai da ya rubuta Afisawa shi ne ya lissafa waɗanda ba za su gaji mulkin Allah ba, ɓarayi da mazambata suna ciki, kuma ga ikilisiya ya rubuta, ba ga arna ba. Ubangiji ya ce a Matiyu 7:21 ba duk mai kiransa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga mulkin sama ba, sai mai aikata nufin Ubansa. Hananiya da Safiratu fa, ba 'yan ikilisiya ba ne? A kan ƙaryar kuɗi suka faɗi matattu, Ayyukan Manzanni sura 5. Ni hatsi nake sayarwa, na san matan da ke buga gindin tiya ya shige ciki don awo ya ragu, ran Lahadi kuma su ne a gaba da waƙa, abin yana sa ni kuka don Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. A majami'armu ana koya mana sarai cewa mutum yana iya juya wa Almasihu baya da ƙafarsa har ya rasa abin da aka ba shi, kuma ni na yarda da haka. Kar ka rubuta ɗana. Wanda ke shirya zunubi da rana yana shirya tuba da dare, wasa yake da Allah.

Dattijo_Tahoua

Ina gaishe ku duka daga Tahoua. Ɗana mai tambaya, ka yi haƙuri zan yi tsawo, tsoho in ya samu wayar jikanshi ba ya saurin ajewa, kuma wagga magana ita ce tushen komi.

Abin da na lura, abokinka na matasa da ɗana Ɗan_Alheri sun tsaya ga Afisawa 2:9, ƙanwata ta Bukoki kuma ta tsaya ga 1 Korintiyawa 6:10, kowa ya rufe Littafi saura aya guda. Ku ƙara aya ɗaya ɗaya ku gani. Afisawa 2:10 ta ce mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya riga ya shirya mu yi tahiya cikinsu. Wato numfashi guda Bulus ya ce ba ta wurin ayyuka anka cece ka ba, kuma domin ayyuka anka cece ka. 1 Korintiyawa 6:11 ita kuma, bayan wancan jerin mai ban tsoro, ta ce haka waɗansunku suke a da, amma an wanke ku, an tsarkake ku, an baratar da ku cikin sunan Ubangiji Yesu. Ka ga bai ce musu ku bar sata don a wanke ku ba, cewa ya yi an wanke ku, to mi kuke nema cikin wancan jerin kuma?

Abin da na ke so ka riƙe shi ne wane ne ke gaba, wane ne ke biye. Ka duba Fitowa. Allah bai aika wa Isra'ilawa Dokoki Goma cikin Masar ya ce in kun kiyaye su shekara guda zan hisshe ku ba. Sai da jinin ɗan rago ya tsare su, sunka ƙetare teku, sunka ci manna, cikin wata na uku sunka iso Sina'i, sannan anka ba su doka, kuma kahin doka ta fari Fitowa 20:2 ta soma da tuna musu cewa shi ne Ubangiji Allahnsu wanda ya hisshe su daga gidan bauta. 'Yantattu anka ba doka. Haka ga Ibrahim, cikin Farawa 15:6 ya gaskata Allah anka lissafa mishi adalci, kaciya ba ta zo ba sai sura 17 shina da shekara 99, miƙa Ishaku kuma sai sura 22. Don haka masu cewa Bulus da Yakubu suna faɗa da juna ba su duba da kyau ba. Su biyun duka sun ɗauko Farawa 15:6, Bulus cikin Romawa 4 shina amsa wa masu cewa sai ka yi kaciya ka kiyaye Shari'a kahin Allah ya karɓe ka, Yakubu cikin sura 2 shina amsa wa masu cewa "ina da bangaskiya" alhali ɗan'uwa na gabansu ba tufa ba abinci suna ce mishi ya sauka lahiya. Bangaskiyar sura 15 ita ce ta hau dutse cikin sura 22. Da ba ta hau ba da mun san ba ta da rai tun fari.

Wanda ya hi kusa da zancenka ma shi ne Zakka, don shi ma mutumin takarda da ƙarin kuɗi ne, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, Luka 19. Yesu bai tsaya gindin itacen nan ya ce sai ka maida kuɗin mutane sannan in shiga gidanka ba. Ya kira sunanshi, ya ce yau gidanka zan sauka, mutane na ta gunaguni. Bayan haka ne Zakka ya tashi da kanshi, ba wanda ya tilasta mishi, ya ce rabin dukiyarshi na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai maida mishi ninki huɗu. Yanzu ɗana Ɗan_Alheri, ka ga zai yiwu Zakka ya rako Yesu bakin ƙofa, gari na wayewa ya koma teburinshi ya ci gaba da ƙari shina cewa ai ceto ya shigo gidana jiya? Ɓarawon gicciye da ka kawo, gaskiya ne bai yi aikin komi ba, amma da ɗan abin da ya rage mishi, bakinshi, ya tsauta wa ɗan'uwanshi, ya amsa laihinshi, ya shaida Yesu bai yi mugun abu ba, a lokacin da almajirai sunka watse.

Mu nan ƙasar albasa ce, daga Galmi har Tamaske. In ka shiga garka lokacin ban ruwa za ka iske mutum biyu cikin laka guda, ɗan ƙwadago da ɗan mai garka. Daga nesa ba ka iya rarrabe su. Amma ɗan ƙwadago shina ƙirga kwanakinshi, ran da bai zo ba ba a biyanshi, in mai garka ya juya baya shina iya sassautawa. Ɗan gida ba a biyanshi ko dala, tuwonshi na dare bai rataya ga yawan fangalin da ya shayar ba, amma shi ne ke tashi tsakar dare in ya ji injin ya tsaya, don garkar ubanshi ce. Mai wa'azin da ka ji ga taro shina so ya maishe ka ɗan ƙwadago. Abokinka kuma shina so ka zama ɗan da ke sace albasar ubanshi ya kai kasuwa don ya san ba a korar ɗa. Titus 2:11-12 ta ce alherin nan da ya kawo ceto shi da kanshi ke koya muna mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awar duniya. In abin da mutum ya karɓa bai taɓa koya mishi cewa a'a ba, ya kamata ya sake dubawa ko mi ya karɓa.

Ga abokin aikinka kuwa, ka gaya mishi a hankali cewa i, an biya, kuma don ka san da mi anka biya shi ya sa hannunka ba ya iya rubutawa.

Katekis_Yantala

Mersi Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan Katolika ne, ina koyar da masu shirin baftisma, ina so in ƙara kaɗan don sau da yawa 'yan'uwanmu na sauran majami'u suna zaton mu muna koyar da cewa ayyuka ke sayen ceto, alhali ba haka ba ne.

Wannan gardamar ta daɗe, kuma a nan nahiyarmu ta fara zafi. Agustin bishop ne na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rasu a shekara ta 430. Yana da wata addu'a da yake roƙon Allah ya ba shi ikon yin abin da ya umarta, sannan ya umarci duk abin da ya ga dama. Wani malami mai suna Pelajiyus, mutumin tsibirin Birtaniya da ke zaune a Roma, da ya ji addu'ar nan sai ransa ya ɓaci, a ganinsa in Allah ya ba da umarni to mutum yana da ƙarfin cikawa da kansa, addu'a irin wannan tana ba ragwaye mafaka ne kawai. Niyyarsa ba mummuna ba ce, ya ga Kiristocin Roma sun yi sanyi ne. Amma a 418 bishop-bishop suka taru a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, suka ƙi koyarwarsa, suka ce alheri bai tsaya ga gafarta zunubin da ya wuce ba, shi ne kuma ke ba da ikon kada a sake. Daga baya Martin Luther ya taso a Jamus a 1517 a kan batun sayar da takardun sassaucin horo, kuma gaskiya abin ya lalace a lokacin. Majalisar Trent, wato taron shugabannin Katolika da ya zauna daga 1545 zuwa 1563, a dokarta ta 1547 ta faɗa cewa babu wani abu da ke zuwa kafin baratarwa, wato Allah ya karɓi mutum a matsayin mai adalci, bangaskiya ce ko ayyuka, da ya cancanci alherin baratarwar. Sai ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa guda, cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda ke sabunta zuciya ya kuma kira mu ga kyawawan ayyuka. Metodis suka shiga a 2006.

Ban ce bambanci ya ƙare ba. Mu mun yarda babban zunubi da mutum ya yi yana sane kuma da yardarsa yana raba shi da alherin, sai ya tuba ya je ya furta zunubinsa wurin fada, wato limamin Katolika, 'yan'uwa da yawa a nan ba za su yarda da ni a kan wannan ba, na sani.

Amma addu'ar Agustin ɗin nan ni na ga amfaninta da idona. Waɗanda ke Yamai ko Damagaram a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 sun san yadda aka ƙona majami'u. Da shugabanninmu suka ce a yafe, ni dai a zuciyata babu ko ɗigon yafiya, na san umarni ne amma ƙarfin babu. Abin da na iya kawai shi ne in ce Ubangiji kai ka ce in yafe, to ba ni yafiyar. Ba rana ɗaya ta zo ba amma ta zo, kuma ba zan manta da maƙwabtanmu musulmi da suka buɗe wa iyalina ƙofa a ranar ba. Filibiyawa 2:12-13 ke nan, an ce ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, sai aka ƙara da cewa gama Allah ne ke aiki a cikinku, shi ke ba da nufin, shi ke ba da yin. Ɗan'uwa, biyayyar da kake jin tana maka nauyi, ita ma roƙonta ake yi.

Ɗan_Talaje

Na gode ƙwarai, Baba, Mama, Malam Katekis, har da kai ƙanena. Na koma na karanta ayoyin nan biyu da Baba ya ce a ƙara, na daɗe zaune shiru. Amma Baba har yanzu akwai abu biyu. Na farko tsoron nan da na ce, in tsoro ne ke riƙe da ni ashe ban zama ɗan gida ba tukuna? Na biyu kuma ba ka faɗi ra'ayinka a fili ba, in mutum ya faɗi ya rubuta, ya rasa ceto ko bai rasa ba? Don Mama ta ce ana rasawa, Ɗan_Alheri ya ce ba a rasawa.

Ɗan_Alheri

Baba na karɓi gyara a kan aya ta 10, kuma Mama ki yi haƙuri, gaskiyarki ce akwai mutane a bayan takardar. Amma ni inda nake tsoro shi ne, da zarar an ce "in ba ka ga canji ba ka sake dubawa", sai mutum ya koma yana auna kansa kullum, yau na yi fushi ashe ban sami ceto ba, gobe na yi kyauta ashe na samu. Ina da abokai a jami'a da suka bar zuwa majami'a gaba ɗaya saboda haka, suka ce tunda ba za su iya ba gara su huta. Canji nawa ne ya isa a ce mutum ya tsira?

Dattijo_Tahoua

Ɗana Ɗan_Alheri, tambayarka ta gaskiya ce kuma ba ni da ma'aunin da zan ba ka, don Littafi bai ba da shi ba. Wanda ke auna kanshi safe da yamma idonshi ya bar kan Almasihu ya koma kan kanshi, nan ne gajiya ke shigowa. 1 Yahaya 2:1 ta riƙe duka biyu, ya ce ina rubuto muku don kada ku yi zunubi, in kuwa wani ya yi, muna da mai tsaya muna wurin Uba. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku cikin dare guda, ya hita ya yi kuka mai zahi, cikin Yahaya 21 anka maida mishi kiwon tumaki, tambayar da anka yi mishi kuma ita ce ko shina ƙaunar Ubangiji. Abokan nan naka ka koma wurinsu, wanda zunubinshi ke damunshi har ya ce ba ni iyawa ya hi kusa da mai karɓar harajin nan na Luka 18 da ya koma gida baratacce.

Ɗana Ɗan_Talaje, zancen ko ana rasa ceto, tun taron Dort na 1618 zuwa 1619 a Holan mabiya Kalbin da mabiya Arminiyus ke ja a kai, kuma nan Nijar duka biyun muna da su, muna aure tsakaninmu muna zuwa jana'izar juna. Ni ra'ayina, wanda Allah ya haifa da gaske Allah na riƙonshi har ƙarshe, in ya faɗi ba ya samun daɗin kwanciya wurin, sai ya tashi. Ƙanwata ta Bukoki na ganin mutum na iya tahiya ya ƙi dawowa. Amma ka lura, ni da ita ba wanda ya ce maka faɗuwa guda ta share sunanka, kuma ba wanda ya ce maka ka rubuta. Abin da abokinka ya ba ka shawara ba faɗuwa ba ne, shiri ne, Romawa 6:1-2 kuma ta riga ta amsa shi da a'a mai ƙarhi.

Tsoron kuma kada ya dame ka da yawa. Mai tsoron wuta kaɗai dabarar da zai yi ba a kama shi ba yake nema, ba ya hana kanshi barci shina tambayar ko zuciyarshi daidai take da Allah. Ka ci gaba da ƙi ko da tsoro na ciki, ƙauna na girma a hanya.

Sai abu guda da ba zan ɓoye maka ba. Yusufu ya ƙi matar Fotifar ya ce yaya zai yi wannan babbar mugunta ya yi wa Allah zunubi, Farawa 39, kuma kurkuku ya kwana. Abokan Daniyel sun ce wa sarki Allahnsu na iya cetonsu, amma ko bai cece su ba ba su yin sujada ga gunki. Ba ni iya yi maka alkawarin patron ba zai sallame ka ba.

Maman_Yara_Bukoki

Yaya na Tahoua ka faɗi gaskiya, a kan rasa ceto dai ina nan a kan bakana amma sauran duk na yarda. Ɗan_Talaje, yanzu sai abin yi. Ka daina ɓuya a magaza, wannan ba ya kai ka ko'ina. Ka fara gaya wa matarka komai yau da dare, don in abin ya zo da sallama ita ce za ta fara jin nauyin, bai kamata ta ji daga baya ba. Sannan ka samu patron shi kaɗai, ba gaban yaran shago ko masu sayayya ba, ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa duk aikin da ya sa ka za ka yi har da ƙari amma lambar da ba ita aka biya ba hannunka ba zai iya rubutawa ba, kar ka yi masa wa'azi kuma kar ka kira shi ɓarawo. Wani patron in ya ji haka ransa zai ɓaci, wani kuma a ransa zai ce ga wanda zan bar wa kes in na yi tafiya, ba mu san wanne ne naka ba. Kafin ka je ka sanar da pastonku da dattawa, su san halin da kake ciki tun yanzu, don ba daidai ba ne ikilisiya ta ce wa yaro ya tsaya a kan gaskiya sannan in an kore shi kowa ya kau da kai. Mu a zumuntar mata mun sha haɗa hatsi da kuɗin haya ga iyalin da aikinsu ya tsaya. Ka rubuto mana ranar da za ka same shi, in gaya wa matanmu mu yi azumi a ranar.